Jakin Fatake da Motar Baba

A gidanmu na Jugu, idan aka sauke tuwo bayan magariba, ba a kashe wutar murhu. Kakarmu, Iya Balki, takan tura doya cikin garwashi, mu kuma jikoki mu ja tabarma kusa. Jikar fataken goro ce, shi ya sa tatsuniyoyinta ba sa rabuwa da hanya da jakuna. Sai ta gyara zama ta ce, "To, ga wata ta tsaya a ƙofa." Mu ce ta shigo mu ji.

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta wasu 'yan'uwa biyu da suka gaji jaki ɗaya daga ubansu. Suna dawowa da goro da damina, jakin ya nutse cikin taɓo a bakin rafi. Babban ya ja igiya, jaki bai motsa ba. Ya sa sanda. Ƙaramin ya ce a sauke kayan tukuna, a tona gefen ƙafafun. Babban ya ce taurin kai ne kawai, ya tara mutanen ayari suka ja da ƙarfi har wuyan jakin ya karye. Da suka tona, sai suka ga saiwar itace ce ta riƙe masa ƙafa.

A nan Iya takan juya doya. Sannan ta ce, "Ba ƙi ya yi ba, 'ya'yan nan. Kasawa ya yi."

Mu dai tausayin jakin muke ji, mu ci doya mu tashi.

Shekaru sun ja, na zauna a Paraku da iyalina, mahaifiyata tana wurina. Bara ciwo ya kwantar da ita. Abinci ba ya shiga. Kullum ina kanta da kwano: "Inna, ki daure mana. Ke ce ba kya son ki warke." Wata safiya ta riƙe hannuna ta ce, "Sule, ka kai ni Jugu. Ina son in ga Yaya Hajara."

Jikinta ba zai ɗauki matsin motar haya ba. Abin da nake da shi shi ne tsohuwar motar marigayi Baba, wadda man inji ke zuba ta gabanta. Kafin a canja robar da ke tare man, wadda ta lalace, sai an cire puli, wato faifan ƙarfen da bel ke zagayawa a gaban inji. Na kwance babban bulon, wato notin da ke ɗaure shi, da ƙyar, amma pulin ya ƙi fita. Na girgiza, na buga da guduma, yini guda. Daga ɗaki ina jin tarin Inna. Raina ya ɓaci, na ɗauko dogon ƙarfe na cusa bayansa, zan danna da dukan ƙarfina. Da na danna, da ya fashe, kuma irinsa ba a samu a kusa.

Ban san me ya kawo muryar Iya a lokacin ba. Na ajiye ƙarfen, na haska fitila na duba. Tsatsa ce ta shekaru ta manne shi da sandar ƙarfen da yake kai. Na zuba mai na bar shi ya kwana. Da safe na aro abin zaro puli wurin wani makaniki maƙwabcina, na riƙa ɗaurewa kaɗan-kaɗan. Kafin azahar ya saki, ya faɗo cikin hannuna.

Washegari na shimfiɗa wa Inna katifa a kujerar baya. Mun tsaya sau ɗaya, wajen garin Onklu, ta jiƙa leɓe da ruwa. Muka isa Jugu, ta ga yayarta. Kwana goma sha ɗaya ta yi a ɗakin da aka haife ta, Allah ya karɓi abinsa.

Na duba ƙarfe na ga abin da ya riƙe shi, amma wata uku ina tsaye kan uwata da kwano ban duba ba. Ran da na kai ta Jugu, a hanya na ce mata, "Inna, ki yafe mini faɗan abincin nan." Ta ce, "Ai na so in ci, Sule. Don kai ma na so."