Yadda Sarkin Noma Ya Koma Sabon Noma

Maikasuwa mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Gwiwa. Bai yi boko ba, bai gaji sarauta ba. Gero da gyaɗa suka sa aka naɗa shi Sarkin Noma tun gemunsa yana baƙi, kuma ba abin da yake ji da shi kamar sunan nan.

Da ƙungiyarsu ta manoma ta buɗe shafi a intanet, Bahijja, 'yar ƙanensa da ke Kazaure, ita ke buga musu rubutu. Ta taƙaita sunaye yadda aka saba: S/Noma, S/Gari. Na'urar da take rubutun da ita kuwa sau ɗaya ake faɗa mata ma'anar harafi, sai ta cike shi ko'ina. Bahijja ta ce mata S "Sabon" ne, don Sabon Gari ke ranta.

Ranar kasuwar Gwiwa abokan wasansa suka tare shi da waya a hannu. "Maraba da Sabon Noma! A koya maka riƙon fartanya?"

Ko cefane bai yi ba, ya hau acaɓa sai Kazaure.

"Yi haƙuri, Baffa, bari in mai da shi 'Sarkin'," in ji Bahijja. Ta gyara, ta duba, ta dafe kai. "Yanzu kuma Sabon Gari ya zama Sarkin Gari."

"Ke 'yar nan, unguwa za mu naɗa wa rawani?" Tsoho ya buga sanda a ƙasa. "Rubuta min sunana cikakke. Tawada ce za ta ƙare?"

Ta rubuta. Bai tashi ba sai da ta karanta masa da ƙarfi.