Motar Injiniya Mai Yawan Tsayawa

A shekarar 1969 na fara haɗuwa da shi, ranar wata Talata cikin watan Yuni. Lokacin ina koyar da aji huɗu a makarantar mishan, ina da shekara ashirin da huɗu, ina kuma da sabon keke wanda nake gogewa sau biyu a rana. Na fito da sassafe zan je birni karɓo alli da littattafan rajista, sai na tarar da wani siririn saurayi a bakin hanya, rungume da ƙaramin akwatin katako. Ya gaishe ni, ya ce motar da yake jira ba ta zo ba, kuma ƙarfe goma za a fara jarrabawar masu aikin wutar lantarki. Mil goma sha tara ne tsakaninmu da birni. Na ce ya hau baya.

Ba mu yi mil uku ba na gane akwai matsala. Sai mutsu-mutsu yake a kan kariyar keken, gumi na zubo masa, cikinsa na ƙugi har ina jiyowa. Fargabar jarrabawa ce ta ɓata masa ciki, ga shi kuma ba zai iya buɗe baki ya faɗa wa malamin makaranta mai farar riga ba. Da muka zo wani wuri mai duhuwar itatuwa sai na taka birki, na ce tayar baya ta rage iska. Na ciro famfo, na tsuguna, na ce masa, "Wannan zai ɗauki lokaci. Je ka miƙe ƙafa, kada ka tsaya mini a ka." Ya tafi da sauri, ya dawo fuskarsa ta saki. Sau bakwai na yi wa tayar nan iskar ƙarya kafin mu isa, kuma mun isa saura minti goma sha biyu. Ya ci jarrabawar. Ban taɓa ɗaga maganar ba, shi ma haka, har na ɗauka bai gane komai ba.

Bayan shekara huɗu aka mai da ni birni, na same shi ya buɗe shago a layin da ke bayan gidan waya. 'Yan layin ne suka sa masa Injiniya don tsokana, saboda yana rataye takardar shaidarsa cikin gilashi a saman ƙofa. Sunan ya bi shi, har matarsa ma da shi take kiransa. Shagon bai fi taku biyar ba kowace fuska: teburi ɗaya mai ƙonannen gefe, fitila a rataye, gwangwanayen madara cike da kusoshi da fis, da benci na masu jira. A kan bencin nan na yi zaman yamma na shekara hamsin da 'yan kai. Shi yana kirana Tica, ni ina karanta masa jarida, yana gyara yana gardama da abin da ke cikinta.

Hannunsa na da kyau, amma ba wannan ne ya sa mutane suke tsallake shaguna uku su zo wurinsa ba. Injiniya bai taɓa barin mai kaya ya ji kunya a gabansa ba. Na sha ganin an kawo masa rediyo wai ta mutu, alhali batir ne aka sa a juye. Sai ya buɗe bayanta, ya ɗan taɓa nan da can da sukudireba, ya juya batirin cikin dabara, ya ce wata 'yar waya ce ta saki. Na taɓa yi masa faɗa cewa wannan ai ƙarya ce. Ya ce a'a, rediyo ba ta jin kunya, mutum ne ke ji, saboda haka gara laifin ya zauna a kan rediyo. Da wannan shago ya aurar da ƙannensa biyu, ya yi wa 'ya'yansa huɗu karatu. Ta ukunsu ita ta gaji hannunsa, ta zama injiniya ta gaske, tana aikin kafa sola. Yakan ce ta ƙwace masa suna.

Dole in faɗi abin da ba na so in faɗa, don in ba haka ba labarin ba zai yi ma'ana ba. Shekara shida da suka wuce aka yi mini aiki a mafitsara. Na warke, amma tun daga nan ba na iya riƙe fitsari fiye da awa ɗaya. Wata rana a cikin babbar motar haya, na roƙi direba ya tsaya, ya ce sai an kai tasha. Ba a kai ba abin ya faru, a gaban mata da yara, ni da na koya wa rabin garin tsabta. Na sauka na lulluɓe gabana da jarida. Daga ranar na daina tafiya. Duk wanda ya tambaya sai in ce baya ne ke damuna. Matata kaɗai ta san gaskiya, ita kuma ta riga mu gidan gaskiya.

Bara ne saƙo ya zo daga yayata. Mu biyu muka rage a ɗakinmu, ita ta goye ni, tana zaune wurin ɗanta a wani gari mil ɗari uku da goma daga nan. Ɗan nata ya kira ni ya ce ƙafafunta sun daina ɗaukarta, kuma kullum sai ta tambaya ko Auta ya yi fushi da ita ne. Na ce masa baya ne. Na ajiye wayar, na je shago na zauna a benci, jaridar ma ban buɗe ba. Injiniya ya tambaye ni, na gaya masa saƙon, na kuma maimaita masa zancen baya. Ya ci gaba da naɗa wayar fanka.

Bayan kwana goma sai ga shi a ƙofar gidana cikin wata farar mota da ta tsaya ban ji tsayawarta ba. Ta 'yarsa ce, mai aiki da lantarki, babu tankin mai, babu hayaƙi. Ya ce ta ba shi aronta na mako guda, yana so ya gwada ta a doguwar hanya, kuma ba ya son tafiya shi kaɗai. Kafin in kawo uzuri sai ya yi tsaki, ya ce amma fa sai na yi haƙuri da ita, don batirinta ya tsufa, ba ta wuce mil arba'in sai an tsaya an yi mata caji. Ya ce idan ba zan iya jure tsaye-tsaye ba, in faɗa masa tun yanzu ya nemi wani.

Na yi lissafi a zuci. Mil arba'in bai kai awa ɗaya ba. Na ce zan daure.

Mun tashi ƙarfe shida da kwata na safe. Na zo da ɗan littafina da fensir, don ni ba na tafiya ban rubuta lokaci da nisa ba. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne shirun motar. Ina jin ƙarar taya a kan kwalta, ina jin tsuntsaye, har numfashin Injiniya ina ji. Na ce masa ta tuna mini da keke. Ya ce bambancin kawai wannan karon ba ƙashin bayansa ne ke shan wahala ba. Na so in duba allon gaban direba in rubuta yawan cajin da ya rage, amma ya ɗora hularsa a kai, wai hasken yana dame masa ido.

Tsayawar farko a wani shagon ɗinki muka yi, ƙarfe bakwai da minti biyar. Telan ya fito da fara'a kamar ya san da zuwanmu. Injiniya ya ciro doguwar waya daga but ɗin motar, ya zura ta taga, ya sa a soket ɗin da ke kusa da dutsen guga. Sa'an nan ya ce da ni, ba tare da ya dube ni ba, "Tica, wannan zai ɗauki lokaci. Je ka miƙe ƙafa, kada ka tsaya mini a ka." Na zagaya bayan shagon, sai ga banɗaki mai ƙofa da sakata, an share shi, da ruwa a bokiti. Na gode wa Allah da ya haɗa ni da lalatacciyar mota.

Haka muka yi ta yi. Ta biyu a wani ƙaramin asibiti, ta uku a gidan sayar da shayi, inda Injiniya ya ci burodi biyu yana zagin batirin da masu ƙera shi. Ta huɗu ce mai tsawo, a wani babban gidan mai da ke da injin caji na musamman, tsayinsa ya kai mutum, da waya mai kaurin hannu. Can muka yi minti hamsin, muka ci abinci, muka yi musu a kan shekarar da aka gina gadar da muka wuce. Ni ne da gaskiya, ko da yake bai yarda ba. Ta biyar a wata makaranta, ta shida a shagon mai walda, ta bakwai a gidan wani tsohon ɗan sanda wanda ya ba mu kujeru a inuwa. Ko'ina akwai soket, ko'ina kuma akwai wurin kewayawa mai ƙofa. Ni kuwa har tausayinsa nake ji, ina ba shi haƙuri, ina cewa sabon abu dama sai a hankali. Na ma yi masa lacca a kan cewa injin mai bai gama zamaninsa ba. Ya saurara da ladabi, yana gyaɗa kai.

Mun isa ƙarfe biyar da minti ashirin na yamma, wandona a bushe, gugarsa ko karyewa ba ta yi ba. Yaya tana kishingiɗe a falo, ta rame ƙwarai. Ta daɗe tana kallona, sa'an nan ta ce ashe har yanzu ban koyi taje gashin bayan kaina ba. Ta sa na zauna a ƙasa kusa da ita, ta ɗora hannu a kaina, ta ce wa jikokinta wannan tsohon da suke gani, ita ta yi ta wanke masa majina. Kwana uku muka yi. Ta ba ni labarin mahaifiyarmu da ban taɓa ji ba, na rera mata waƙoƙin makaranta da take so. A dawowa ma sau bakwai muka tsaya. Bayan wata huɗu ta rasu, kuma ba ta tafi da tunanin Auta yana fushi da ita ba.

Da 'yar Injiniya ta zo yi mini gaisuwa, na ga ya kamata in ba ta shawara irin ta uba. Na ɗauko littafina, na nuna mata tsayawa goma sha huɗu da lokutansu, na ce ta canza batirin motar nan tun bai kunyata ta a hanya ba. Ta karɓi littafin ta duba, ta sake dubawa. Ta ce, "Baba Tica, motar nan tana yin mil ɗari biyu da caji ɗaya. Soket ɗin bango kuwa, minti goma sha biyar ko mil biyu ba zai ƙara mata ba." Ta ce tsayawar gidan mai kaɗai motar take bukata. Sai kuma ta tuna cewa ba mako guda babanta ya ari motar ba, mako biyu ne. A makon farko shi kaɗai ya je ya dawo, kuma da ta tambaye shi abin da ya je yi, cewa ya yi ya je duba soket.

Washegari na tafi shago da littafin a aljihu. Na same shi ya sunkuya a kan wani tsohon dutsen guga, gilashinsa a bakin hanci. Na zauna a benci, na ce na yi magana da 'yarsa, kuma lissafina bai fita ba. Na ce ina so in san tun yaushe ya sani, da kuma wanda ya gaya masa. Ya ce babu wanda ya gaya masa, mutumin da ke tashi daga benci kowane minti hamsin shekara shida ba baya ke damunsa ba. Na ce to ai ya yi mini ƙarya tun daga ƙofar gidana har ƙofar yayata.

"Tayar kekenka ma ba ta rage iska ba, Tica," ya ce, bai ɗago kai ba. "Ni na zauna a kanta."

Na ciro hankici ina goge gilashina, wanda ba shi da datti. Shi kuma ya miƙo hannu ta gefe, ya ce in ba shi filayar da ke kusa da ni, sa'an nan in karanta masa shafin farko, don ya ji ƙaryar da suka buga yau.