Ramin Kakan Rema

Har yanzu in na ga diga sai bayana ya amsa. Wani hutun makaranta ne, lokacin da arzikin man fetur ya fara kawo kwalta, kowa a Roni yana da ɗan'uwan da ya sayi babur. Kawuna, direban gingimari, ya ce zai tafi da ni Kano in Baba ya yarda.

A makarantarmu ta Kazaure malamin kimiyya ya gaya mana cewa rema, ɗan dunƙulen nan mai shan hantsi a kan duwatsunmu, yana da manyan dangi da suka ƙare tun kafin a yi mutane. An tono ƙasusuwansu a hamadar Masar, sun zama dutse. Ya ce wani ya kai jaki girma. Kafin in iso gida jakin ya zama raƙumi a bakina, da muka zauna cin tuwo kuwa ya kai gingimarin kawu.

Baba bai yi dariya ba. Ya ce, "To malam masani, mu da rema ya cika mana duwatsu, ba mu da kakan ne?"

"Muna da shi mana, Baba! Yana nan ƙarƙashin ƙasa."

"Madalla. Tono mini shi, ka tafi Kano."

Shi ya nuna mini wurin, bayan gidanmu, inda jar ƙasa take. Na yi ta haƙa har hannuwana suka yi bororo. Ramin ya yi zurfin da nake jiyo hayaniyar kasuwar Babura ta ƙasa. Ƙannena suna ta kwasar ƙasar a kwanduna, ban ko tambayi inda suke kai ta ba, don magana ma gajiyar da ni take yi.

Ranar da kawu zai tashi, diga ta daki ƙashi, muƙamuƙi ne da haƙora reras. Na ruga da shi zaure.

Baba ya jujjuya shi. "Allah sarki, jakina ne. Shekarar da aka haife ka ya mutu. Mayar da shi ka rufe."

"Ai malam ma cewa ya yi kamar jaki..."

"Kai kuma ka ce gingimari."

Ina cikin ramin na ji motar kawu ta danna ham ta hau titi. Da na rarrafo waje na ɗaga kai, sai ga katangarmu da damina ta rushe ta miƙe sabuwa, jawur, da ƙasar da na haƙo. Wani rema yana kan dutse yana kallona. Ko ƙarfin jifansa ba ni da shi.