Ranar da Injin Jirginmu Ya Mutu

Gaskiya a jinjina mana, mu 'yan kasuwa. Wajen iya ƙorafi ba mu da na biyu.

Jiya injin jirginmu ya mutu a tsakiyar ruwa muna hango Yauri. Ga bandar kifina kwando guda, ga kasuwa tana shirin watsewa. Muka zagi mai jirgi, muka gangara kan gwamnati. Tsohuwar da ke gefena kuwa sai jera alhamdulillahi take yi.

Na ce, "Inna, godiyar mi kike yi?"

Ta ce, "Ɗana, bisa ruwa kake ko cikinai?"

Na haɗiye sauran maganata, na ɗauki filafili. Muka tuƙa har gaɓa, na kuma tarar da masu saye ba su gama tafiya ba.

To ku da kuke zaune kan tudu, me kuke jira?