Cigiyar da Na Rubuta wa Inna

Ina da shafin labarai a waya, kuma a lokacin da abin nan ya faru ina ji da shi kamar gonar gado. Aikina na albashi buga takardu ne a wani ofis a Dutse, amma rabin yinina a kan shafin yake ƙarewa. Mota ta faɗi a hanyar Kiyawa, ni ne farkon sakawa. Gobara ta tashi, kafin a kawo ruwa hoton da na ɗauka ya zaga gari. Na san kan sana'ar sarai: ka rubuta "Yanzu-yanzu" a sama, ka faɗi rabin magana, ka bar mutane su ƙarasa da bakinsu. In daga baya ta bayyana ba haka ba ne, sai in liƙa gyara a ƙasa, wanda ni kaina na san ba mai karanta shi.

Mahaifiyarmu, Inna, a gidan yayana take zaune, unguwarmu ɗaya. Shekara biyu ke nan da tsufa ya fara rikita ta. Takan yi sallar azahar sau biyu, takan tambaya ko mahaifinmu ya dawo daga gona, alhali ya daɗe a ƙasa. Duk ƙaramin yaron da ta gani jikanta ne, sai ta kama hannunsa ta ce ya zo gida ya ci tuwo. Mu a gida mun saba. A waje kuwa ba wanda ya sani, domin Yaya ya kafa doka: in an zo gaishe ta a ce tana barci. Yana da 'yan mata uku da suka tasa, kuma a wurinmu kafin a nemi aure sai an bincika dangi. Da zarar an ce akwai taɓin hankali a gidan, shi ke nan, ba mai tsayawa ya tambayi ko wane iri ne. Ni ma ban taɓa musa masa ba. Bakina ba ya iya haɗa Inna da wannan kalma.

Wata safiya da damina matar Yaya ta shiga kai mata koko, ta tarar da ɗaki wayam. Babu takalmanta, ƙofar zaure a buɗe. Muka bazu. Maƙwabta, masallaci, bakin titi, tasha, asibiti, har gindin duwatsun bayan unguwa na leƙa ina kiranta kamar ƙaramin yaro. Hantsi ya yi ba labari. Na ce wa Yaya abin da ya rage cigiya ce, kuma shafina ya fi kowane mai shela saurin isa.

Na zauna a dakalin ƙofar gida na rubuta gaskiya: mahaifiyarmu ce, tana fama da rikicin tsufa, ba ta gane hanya. Yaya yana tsaye a kaina yana karantawa.

"Goge wannan," ya ce.

"Yaya, in ba a faɗa ba, ta ina mutane za su san halin da take ciki?"

"Fuskarta ba ta isa ba? So kake gobe duk Dutse a ce uwarmu ta haukace? Na ce ka goge."

Na goge. Ba zan ɗora masa laifin shi kaɗai ba, domin yatsana bai yi gardama ba, har wani sauƙi na ji a raina. Abin da ya rage sai hotonta, wanda na yanko daga hoton wani biki, ta ɗaure fuska kamar yadda tsofaffi suke yi a gaban kyamara. A ƙasa hannuna ya rubuta abin da ya saba rubutawa: "Yanzu-yanzu: ana neman wannan tsohuwa. Duk wanda ya gan ta ya tsare ta ya kira wannan lamba." Ban ce uwata ce ba, ban ce me ya sa ake nemanta ba. Ni da nake cin abinci da rabin magana, ko kaɗan bai faɗo mini ba cewa yau ma wasu za su ƙarasa.

Wajen azahar hoton ya dawo mini ta guruf ɗin tsofaffin 'yan ajinmu. Lambar waya ta ɓace, amma sunan shafina yana nan a sama, ga kuma saƙon murya a haɗe. Wata mata ce tana haki, tana cewa jama'a a kula da yara, wannan tsohuwa satar yara take yi, da dabino take yaudararsu, an ce ta kwashe biyu a wajen Buji. A ƙarshe ta ce, "Don Allah duk wanda ya ji ya tura wa wani." Wanda ya saka a guruf ɗin abokina ne tun firamare, ya sha cin tuwon Inna, bai gane ta ba.

Ban nemi izinin Yaya ba, na rubuta gyara, na faɗi komai, na saka. Na zauna ina kallon wayar kamar mai gadin tukunya. Cigiyar farko tana ta tafiya, gyaran kuwa ya tsaya cik. 'Yan kaɗan da suka tanka ma zagi ne. Wani ya ce ai ɗazu ni na ce ana nemanta. Wani ya ce an toshe mini baki. Na kira wani abokin sana'a da ya kwafi hoton ya sa masa kanun "Hattara iyaye", na roƙe shi da girman Allah ya sauke. Ya ce, "Ayya, sannu, yanzu kuwa." Na ji a muryarsa yana kallon yadda abin yake tashi, kuma bai sauke ba. Da ni ne a kujerarsa, ban san ko zan sauke ba.

Na hau babur na tafi wani gidan rediyo. Matar da ke karɓar sanarwa ta tausaya mini ƙwarai, amma ta ce cigiya sai bayan la'asar ake karantawa. Shirin da ke gudana na 'yan siyasa ne, sun sayi lokacinsu, ba a katsewa. Na tsaya a barandar gidan ina jin wani yana yabon maigidansa ta lasifika, yana maimaita magana ɗaya, ni kuwa jumla biyu kawai nake roƙo. Na ce mata rai ne fa. Ta ce ta sani, ba a hannunta yake ba.

Ina fitowa aka turo mini bidiyo. Inna ce zaune a ƙasa, babu mayafi, ta ɗaga hannu ɗaya tana kare kai, ana ihu ta ko'ina. Daƙiƙa kaɗan ne, ya yanke. Ban taɓa ganin kan Inna a buɗe a waje ba. Na kalla, na sake kalla, ina neman wurin, ina ƙoƙarin kada in kalle ta. A cikin hayaniyar na jiyo ɗan kamasho yana kiran Miga. Da na koma gida na kunna wa Yaya sai ya dafe kai, ya ce garin iyayenta ta nufa, gidan da aka rushe tun muna yara. A ƙarƙashin bidiyon wani ya ambaci ƙauyen da abin yake faruwa, a kan hanyar Miga, ya ce yau kasuwarsu take ci, a zo a ga aiki.

Muka shiga mota, Yaya ne ya tuƙa. Salati kawai yake yi, motar tana faɗawa cikin ramukan da ruwa ya cika. Ni kuwa ina bin duk inda aka saka bidiyon ina rubuta, "Uwata ce, don Allah kada ku taɓa ta." Sabis ya ɗauke, ya dawo, ya ɗauke. Na kira duk wanda na sani a wannan yanki, daga mai waya a kashe sai wanda ya ce yana gona. Na yi wa Allah alkawura a hanyar nan waɗanda har yau ban gama cikawa ba.

Tun daga nesa muka ga taron a gaban wani kemis. Mai shagon, wani mutumin Filato da ya daɗe a garin, shi ya janye Inna ciki ya rufe ƙofar ƙarfe, ya tsaya a gaba tare da mai unguwa. Ashe hannun wata yarinya ta kama a layin masu gyaɗa, ta ce ta zo su tafi gida, sai wani ya ciro waya ya haɗa fuska da hoto. Akwai masu sanduna, na kuma ga wani riƙe da jarkar fetur. Amma waɗanda suka ɗaga waya sama sun fi yawa.

Na kutsa ina ihu uwata ce. Wani dogo ya tare ni, ya ce kowa ma haka zai ce, ya danna mini waya a fuska. "Ga shi nan a shafin labarai na Dutse. Ko su ma ƙarya suke?"

"Ni na rubuta! Shafina ne!"

"To kai ka ce a tsare ta, mun tsare."

Mai unguwa ya ɗaga hannu ya ce a yi abu cikin hankali, a buɗe ƙofa kaɗan a tambaye ta. Aka buɗe. Tana zaune a kan benci, girarta ta kumbura, mai kemis ya yafa mata zanin matarsa. Mai unguwa ya durƙusa ya ce, "Baba, kin san waɗannan?" Ta dube ni, ta dubi Yaya, ta daɗe tana dubawa.

"Ban san su ba," ta ce.

Wurin ya kaure. Aka fara turo ƙofa. Sai na haye teburin wani mai rake na buɗe murya iya ƙarfina. Na ce ba ta san mu ba domin hankalinta ya gushe, shekara biyu ke nan. Na ce tana neman mijinta da ya mutu, tana fitsarin kwance, ba ta san sunan 'ya'yanta ba, mu muka ɓoye saboda kunya. Duk abin da muka rufe a ɗaki na zazzage shi a tsakiyar kasuwa, ina kuka, majina tana zuba. Yaya ya ciro katin asibitinta daga aljihu ya miƙa wa mai unguwa, ni kuma na nuna hotunanmu na Sallah. Wata dattijuwa a cikin taron ta ce haka mijinta ya yi kafin ya rasu. Daga nan sanduna suka fara sauka, mai jarka ya sulale. Ba wanda ya ce mu yi haƙuri. Masu waya dai suka juyo da ita kaina.

A hanyar dawowa na zauna da ita a baya. Tana ta kallon gonakin gero, har muka wuce Jahun. Can sai ta taɓa gwiwata.

"Bawan Allah, kai ne ka hau tebur ɗazu?"

"Ni ne, Inna."

"Na ji abin da ka faɗa a kan mahaifiyarka. Allah ya ba ta lafiya. Amma yaro, ko me ta zama, ba a tona wa uwa asiri a kasuwa. In ka koma gida ka nemi gafararta."

Yaya ya gangara gefen titi ya tsayar da mota, ya kifa kai a kan sitiyari. Na kama hannunta na ce, "Ki gafarta mini, Inna."

Ta zare hannun a hankali, ta ce ai ba ita na yi wa ba.