Doña Ondina, Wadda Ta Sa Wa Wasiƙunmu Sunanmu

Tun kafin motocin gahawa su fara gangarowa daga duwatsun Marcala, Doña Ondina Argueta ta riga ta buɗe ofishin ƙungiyar manomanmu. Za ta goge kwamfuta, ta ture wainar masara da wakenta gefe, ta shiga karanta wasiƙun masu saye ɗaya bayan ɗaya. Shekara ashirin da uku ke nan tana haka, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Ba ma so ta tafi ba a faɗi abin da ta yi mana ba.

A da, adireshin imel na kyauta ƙungiya ke amfani da shi, irin wanda kowa zai iya buɗewa. Sai wani ɗan damfara ya buɗe mai kama da shi, harafi ɗaya ne bambancin, ya rubuta wa babbar mai sayen gahawarmu ta ƙasar waje da sunanmu. Matar ta gano, ta bugo waya ranta a ɓace, ta ce ba za ta ƙara amsa wasiƙa ba sai wadda ta fito daga adireshi mai ɗauke da sunan ƙungiyar kanta. Ranar Laraba ce. Takardun kaya kuwa dole su isa gare ta kafin tsakar ranar Juma'a, in ba haka ba jirgin ruwa ya tashi ya bar gahawar gidaje ɗari da arba'in a sito.

Ondina ba injiniya ba ce, buga takardu ta koya. Amma ta san ƙungiya na da sunanta a intanet, wanda shafinmu ke kai. Ta nemo kamfanin da ke ajiye wa mutane wasiƙu, ta yi rajista, suka turo mata wasu layuka da za ta shigar a wurin da aka yi wa sunan rajista. Wani layin yana nuna wa wasiƙa inda za ta sauka, wani yana shaida cewa lallai mu ne muka aiko. Ta shigar da su.

Alhamis da safe aka gwada, shiru. Shugabanmu Don Fermín Nolasco ya turo saƙo bakwai daga wayarsa, ko ɗaya bai shigo ba. Ya dinga kai da komo, yana cewa a ɗauko masani daga babban birni, Tegucigalpa.

"Don Fermín, zauna ka sha gahawarka," in ji ta. "Kana tare mini haske, ga takalminka sai kuka yake kamar bai karya ba."

"To ni me zan gaya wa mutane, Ondina?"

"Ka ce musu ina dubawa."

Ta buga layukan a takarda, ta ɗora rula, ta bi su harafi harafi. A layi na biyu ta ga ɗigo ɗaya ya ɓace a ƙarshe. Ta mayar da shi. Kamfanin ya ce gyaran kan ɗauki awoyi kafin ya kama, wani lokaci har kwana biyu, mu kuwa kwana ɗaya muke da shi.

Juma'a ƙarfe tara da kwata kwamfutar ta yi ƙara. Saƙon Don Fermín ne na takwas, kalma ɗaya a ciki: gwaji. Dattijon nan ya jefa hularsa sama har ta maƙale a fanka. Ondina ba ta ko ɗaga kai ba, ta haɗa takardu ta tura. Kafin sha ɗaya amsa ta zo: an karɓa, a loda kaya. Masu dako a tsakar gida suka hau buga buhuna kamar ganga, ita kuma sai a lokacin ta fara dariya tana share ido.

Ke ce, Doña Ondina, mai haƙurin bin harafi. Ke ce kika buɗe wa kowane ma'aikaci adireshinsa, kika je har ƙungiyar masu zuma da makarantar unguwa kika yi musu irin namu, kuma kika rubuta kowane mataki a littafi don mai zuwa bayanki.

Mun gode, uwar ofis. Ku kuma da ke zaune gaban aikin da ba a koya muku ba, kada ku ce ba naku ba ne. Ku ja kujera, ku karanta, ku gwada, in ya ƙi ku sake dubawa. Haka ta yi, jirgi ya tashi da gahawarmu.