Galan Ɗin Kawu Hamidu

Kawu Hamidu, ƙanen mahaifiyata, bai taɓa zama a aji ba, amma a 1982 shi ke kula da injinan ruwa biyu na wani kamfanin haƙa rijiyoyi, ɗaya a Araba, ɗaya a Gidan Katta. Injinan kan mutu ba sallama. Kullum yana bisa keke, ya tada wannan, kafin ya isa wancan mata sun jera tuluna suna jiransa da baƙar magana.

Da ya gaji, sai ya ɗaure galan fanko cikin tankin Araba, ya ja waya daga jikinsa zuwa sitatar injin. Ruwa na yin ƙasa galan ya bi shi, waya ta ja, inji ya tashi da kansa. Ya kuma haɗa wani ƙarfe mai haƙora da ya cire daga tsohon keke. In an buga sau uku inji bai kama ba, ƙarfen ya saki wayar, ya ɗaga jan ƙyalle bisa tanki. Direbobi masu shigowa Illela, inda muke zaune, su ke kawo labari: "Hamidu, tutarka ta tashi!"

Attahiru shi ne shugabansu a wurin aiki, kuma kwano ɗaya suka ci tuwo suna yara. Ya zo zaurenmu da takarda, Kawu na bayani yana zanawa.

"Wanga ƙarfen keken fa, mi ne amfaninai?"

"Shi ne hankalin abin. Injin da ya ƙi sau uku ciwo gare shi, mutum yake so."

Attahiru ya yi dariya. "Kai dai bakaniken keke! Manya ba su son tarkace."

Ya kai zanen Sakkwato da sunansa, aka ƙara masa girma. Ya sa aka ɗaura irinsa a Gidan Katta, amma ban da ƙarfen keken. Wata biyu bayan haka man injin ya tsiyaye, waya ta yi ta buga sitata har ta ƙone, ta tafi da injin. Kwana tara garin ba ruwa.

Manyan kamfani suka zo, aka kira Kawu. A gabansa Attahiru ya ce, "Ranka ya daɗe, dabarar Hamidu ce. Na hana shi, bai ji ba."

"Attahiru, ni?"

Attahiru bai ɗago kai ba, agogonsa yake ta gyarawa.

Ranar aka sallami Kawu. Ya kafa rumfar facin keke kusa da tasha, kuma bai sake taɓa inji ba, ko na niƙa ne. Mahaifiyata ta roƙe shi ya je Sakkwato ya faɗi gaskiya. Ya ce wa zai saurari wanda bai iya sa hannu a takarda ba? Har ya rasu a 1989, mutanen Gidan Katta Ƙona-inji suke ce masa, kuma yana amsawa.